Wa ke zaune a kujerun tsakiya? Yadda Amurka ke naɗa jami'an manufofin tsaro da na ilimin noma, da inda abin ya shafe mu

Tun da aka shiga 2025 labarin ma'aikatan gwamnatin Amurka bai bar kafafen yaɗa labarai ba: an sallami wasu, wasu sun ajiye aiki da kansu, an rufe hukuma, an bar ofisoshi ba shugabanni. A nan wajenmu an fi fahimtar abin ta fuska biyu. Wasu na ganin duk sabon shugaban Amurka yana zuwa da mutanensa ne ya share na baya kaf. Wasu kuma cewa suke yi Amurka tsari ce, ko wa ya hau babu abin da ke canzawa. To wanne ne daidai? Kuma me ya haɗa manomin wake a Maraɗi, ko matuƙin jirgin yaƙi a Kainji, da wanda aka ɗora a wata kujera a Washington da ko sunansa bai taɓa ji ba?

Za mu duba amsar a wurare biyu da ake ganin ba su da alaƙa: ofishin tsara manufofin ƙasa da ƙasa na ma'aikatar tsaro, da sashen bincike da ilimi na ma'aikatar noma. Tsari ɗaya ne ke cike kujerunsu, amma ɓarnar da rashin mutumin kirki ke yi a kowannensu daban take.

Ma'aikata iri biyu a rufi ɗaya

Gwamnatin tarayyar Amurka tana da ma'aikata fararen hula sama da miliyan biyu. Kusan dukkansu ma'aikatan dindindin ne, waɗanda aka ɗauka bisa cancanta, kuma doka ta hana a kore su don sun ƙi jam'iyyar da ke mulki. Muƙaman da shugaban ƙasa da muƙarrabansa ke rabawa kusan 4,000 ne kawai. Ana buga jerinsu a wani kundi bayan kowane zaɓen shugaban ƙasa, duk shekara huɗu.

Su ma waɗannan 4,000 ɗin ba ajinsu ɗaya ba. Akwai kimanin 1,300 da sai Majalisar Dattawa ta amince: sakatarori, waɗanda su ne daidai da ministoci a wajenmu, da mataimakansu, da jakadu. Akwai waɗanda shugaba ke naɗawa kai tsaye ba sai an je majalisa ba. Akwai ajin manyan daraktoci da dokar 1978 ta ƙirƙiro, wanda aka ƙayyade cewa 'yan siyasa kada su wuce kashi 10 cikin 100 na cikinsa. Sai kuma Rukunin C, wanda Shugaba Eisenhower ya kafa a 1953: mataimaka na musamman, masu ba da shawara, masu tsara wa babba jadawalinsa da rubuta masa jawabi. Su kusan 1,500 ne, kuma aikinsu a ɗaure yake da na maigidansu. Ranar da ya tafi, su ma sun tafi.

Ke nan duka fahimtocin biyu sun yi kuskure. Ba a share kowa, amma saman kowace ma'aikata yana canzawa gaba ɗaya, har zuwa hawa na uku ko na huɗu. Wannan ya fi abin da ake yi a Birtaniya zurfi nesa ba kusa ba, ya kuma sha bamban da Najeriya, inda babban sakatare ma'aikacin dindindin ne kuma minista ne kawai baƙo.

Harbin da ya haifar da dokar cancanta

A da can ba haka abin yake ba. Daga zamanin Shugaba Andrew Jackson, wanda ya hau a 1829, aikin gwamnati ganima ce ta wanda ya ci zaɓe, tun daga mai karɓar haraji har zuwa shugaban gidan waya na ƙauye. A 1881 wani mutum mai suna Charles Guiteau, da ya yi imani ya yi wa jam'iyya wahala an hana shi muƙami, ya harbi Shugaba James Garfield, wanda ya rasu bayan makonni yana jinya. Shekara biyu bayan haka, a 1883, aka yi dokar Pendleton, wadda ta kawo ɗaukar ma'aikata ta hanyar jarrabawa. Tun daga lokacin ake ja-in-ja kan inda za a shata layi tsakanin biyayya ga wanda jama'a suka zaɓa da ƙwarewar wanda ya daɗe a kan aiki. Rigimar yau ci gaban waccan ce.

Mutum uku da suka sauka Yamai

A Pentagon, hedkwatar ma'aikatar tsaron Amurka, ƙasa da Sakataren Tsaro da mataimakinsa, akwai Ƙaramin Sakatare mai kula da manufofi. Shi ne babban mai ba da shawara kan dabarun tsaro da hulɗa da ƙasashen waje, kuma a Afrilun 2025 aka naɗa Elbridge Colby a kujerar. Ƙarƙashinsa akwai Mataimakin Sakatare mai kula da harkokin tsaron ƙasa da ƙasa, wanda Turai, Rasha, Gabas ta Tsakiya da Afirka duk suke teburinsa. Ƙasa da shi kuma akwai jami'i guda mai kula da Afirka kaɗai, wanda naɗinsa ba ya bi ta majalisa. Sai ƙasa da su ma'aikatan dindindin da hafsoshin soja da ke riƙe da fayil ɗin kowace ƙasa.

Duk waɗannan manyan fararen hula ne, kuma da gangan aka yi hakan. Dokar Amurka ta hana tsohon hafsa zama Sakataren Tsaro sai ya yi shekaru da cire kaki, shi ya sa sai da majalisa ta yi wa Jim Mattis sassauci na musamman a 2017, ta sake yi wa Lloyd Austin a 2021. Janar ɗin da ke jagorantar rundunar Amurka ta Afirka yana aiwatarwa ne, ba shi ke yanke manufa ba.

Mutanen Nijar sun ga wannan tsari da idonsu. A tsakiyar Maris 2024 wata tawaga ta sauka Yamai: Molly Phee daga ma'aikatar harkokin waje, Celeste Wallander wadda a lokacin ita ce ke riƙe da waccan kujera ta tsaron ƙasa da ƙasa, da Janar Michael Langley, wanda ke jagorantar rundunar Amurka ta Afirka a lokacin. Bayan tafiyarsu, ranar 16 ga Maris, kakakin gwamnatin soja Kanar Amadou Abdramane ya fito a talabijin ya sanar da soke yarjejeniyar soja, yana zargin tawagar da raini da kuma ƙoƙarin zaɓa wa Nijar abokan hulɗa. Kafin tsakiyar Satumba sojojin Amurka kusan 1,000 sun fice, suka bar sansanin Agadas da aka kashe wa sama da dala miliyan 100.

Ba zan ce mutum uku ne suka rusa dangantakar ba. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da dakatar da taimakon Amurka, da shigowar Rasha, duk sun riga sun yi nasu aikin. Amma a ɗakin da aka yi maganar ƙarshe babu shugaban Amurka. Jami'an tsakiya ne suka zauna, kuma yadda suka faɗi maganar ya shiga cikin hujjar da aka kafa.

Haka batun makamai. Jiragen Super Tucano 12 da Najeriya ta karɓa a 2021 sun daɗe suna yawo tsakanin ofisoshi. Gwamnatin Obama ta ɗage cinikin bayan harin jirgin sojan Najeriya da ya faɗa kan sansanin 'yan gudun hijira a Rann a Janairun 2017, gwamnatin Trump ta amince a cikin shekarar. Shawara irin wannan tana tasowa ne daga takardun da jami'an tsakiya na Pentagon da na ma'aikatar harkokin waje suka rubuta, kafin ta kai ga majalisa.

Idan kujera ta zama ba kowa

Matsalar da ba a cika magana a kanta ba ita ce ta kujerar da babu kowa a kai. Tantancewar Majalisar Dattawa yanzu tana cin watanni, wani lokaci fiye da shekara, kuma sanata ɗaya na iya riƙe sunaye don wata rigima da ba ta shafe su ba. A 2023 Sanata Tommy Tuberville ya tsayar da ƙarin girman manyan hafsoshi sama da 400 na tsawon kusan wata goma, saboda saɓaninsa da Pentagon kan batun zubar da ciki. Dokar 1998 ta ba da damar a sa muƙaddashi, galibi na kwana 210, amma muƙaddashi ya san zamansa na wucin gadi ne. Ba ya son ɗaukar babban mataki, kuma waɗanda yake tattaunawa da su a wata ƙasa sun san hakan.

Ranar da sojoji suka tsare Shugaba Bazoum, Amurka ba ta da cikakken jakada a Yamai, kuma ta fi shekara ɗaya da rabi a haka. Washegarin juyin mulkin ne majalisa ta amince da Kathleen FitzGibbon, ta iso a watan Agusta, bayan bakin alƙalami ya bushe. Abuja ma ta yi fiye da shekara ba jakadan Amurka tsakanin 2023 da 2024. Mu ma ba baƙin wannan ba ne, tunda Najeriya ta janye jakadunta a Satumban 2023 ta kuma shafe sama da shekara biyu ba ta maye gurbinsu ba. A Satumban 2025 'yan Republican a majalisa suka sauya ƙa'ida don a riƙa amincewa da sunaye a dunƙule, suka wuce da 48 a zama ɗaya. Hakan ya rage jira, ya kuma rage binciken da ake yi wa kowane mutum.

Ilimin noma: aikin da ba ya son gaggawa

Ɓangaren noma ya fi wancan tsufa, kuma a ganina ya fi shi saurin lalacewa. A 1862, ana tsakiyar yaƙin basasa, Shugaba Lincoln ya kafa ma'aikatar noma, ya kuma sa hannu a dokar Morrill. Dokar ta bai wa kowace jiha fili, eka 30,000 kan kowane ɗan majalisarta, ta sayar ta gina kwalejin noma da sana'o'i don 'ya'yan talakawa. Ya kamata a faɗa cewa mafi yawan filayen nan an ƙwace su ne daga hannun 'yan asalin ƙasar. A 1887 aka ƙara gonakin gwaji, a 1890 kwalejojin baƙar fata, a 1914 tsarin malaman gona masu shiga ƙauye, a 1917 koyar da noma a makarantun sakandare, a 1994 kwalejojin ƙabilun asali. Koyarwa, bincike da kai ilimin ga manomi: a kan waɗannan ukun aka gina noman Amurka.

Kuɗin tarayya da ke tallafa wa wannan tsari yana bi ne ta wata cibiya da ake kira NIFA, wadda dokar noma ta 2008 ta kafa. Shugaban ƙasa ke naɗa daraktanta na wa'adin shekara shida, wato wa'adin da ya fi na shugaban da ya naɗa shi tsawo, kuma wannan ma da gangan ne. Samansa akwai Ƙaramin Sakatare mai kula da bincike, ilimi da tattalin arziki, wanda shi ne babban masanin kimiyya na ma'aikatar. Doka ta ce a zaɓo shi daga cikin fitattun masana. A 2017 aka miƙa sunan Sam Clovis, jigo a yaƙin neman zaɓen Trump kuma tsohon mai gabatar da shiri a rediyo, wanda ba masanin kimiyyar noma ba ne. Suka ta yi yawa, sunansa kuma ya fito a binciken katsalandan ɗin Rasha a zaɓen Amurka na 2016, ya janye a Nuwamba. Har gwamnatin ta ƙare ba a samu wanda majalisa ta tabbatar a kujerar ba. Sai a 2022 aka amince da Chavonda Jacobs-Young, wadda ta taso daga cikin ma'aikatan dindindin.

Abin da ya fi wannan illa ya faru a 2019. Sakataren Noma Sonny Perdue ya ba da umarnin a ɗauke NIFA da hukumar binciken tattalin arzikin noma daga Washington zuwa birnin Kansas, bisa hujjar rage kashe kuɗi da kusantar manoma. Aka ba ma'aikata wa'adin 'yan watanni. Mutum mai gida, mai 'ya'ya a makaranta, mai mata ko miji da ke aiki a wani wuri, ba ya tattara ya-nasa-ya-nasa cikin wata uku. Fiye da rabinsu suka ajiye aiki. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisa ya gano daga baya cewa rahotanni sun ragu, sakin kuɗin tallafi ga jami'o'i ya yi jinkiri, kuma ko da aka cike guraben, yawancin sabbin ba su da gogewa.

Ga inda noma ya bambanta da tsaro. Manufar tsaro tana iya juyawa cikin mako guda, kuma daidai ne sabuwar gwamnati ta juya ta. Fitar da sabon irin dawa ko gero mai jure fari kuwa yakan ci shekara takwas zuwa goma, ana haɗa iri, ana shukawa, ana zaɓe, damina bayan damina. Idan aka tsayar da kuɗi a shekara ta shida, ba a ci gaba daga ta shida idan kuɗin ya dawo. Ɗaliban da ke kan aikin sun watse, gonar gwajin ta koma ciyawa, wani lokaci irin kansa ya lalace a ma'ajiya.

Daga Samaru zuwa buhun wake

Wannan tsari na jami'o'in noma ya taɓa mu kai tsaye. A shekarun 1960 da farkon 1970, malaman Jami'ar Jihar Kansas sun zauna a Zariya suna taimakawa wajen gina tsangayar noma da ta likitan dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, da kuɗin USAID, hukumar Amurka mai ba ƙasashen waje taimako. Jami'ar Jihar Michigan ta yi irin wannan a Nsukka. Daga baya, a 1975, majalisar Amurka ta yi dokar da ta sa jami'o'inta na noma cikin ayyukan yaƙi da yunwa a ƙasashen waje.

Wanda ya taɓa adana wake ya san abin da ƙwari ke yi masa. Ka ɗinke buhu bayan kaka, ka buɗe bayan wata uku ka tarar duk ƙwaya ta huje, gari a ƙasa, farashi ya faɗi. Shi ya sa manomi ke sayarwa da araha tun kaka, ko ya zuba magani mai guba wanda ke komawa tukunyar wani. Buhun PICS ya zo da wata hanya: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, a matse iska a ɗaure kowace leda daban. Iska ta ƙare, ƙwaron ya mutu, ba magani ko kaɗan. Aikin ya faro ne tun ƙarshen shekarun 1980 tsakanin Larry Murdock na Jami'ar Purdue da masu bincike a arewacin Kamaru, da tallafin USAID. Masanan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Maraɗi sun yi gwaje-gwaje masu yawa a kansa, kuma daga 2007 aka bazu da shi ƙauyuka da kuɗin gidauniyar Gates. Tsakanin farkon binciken da isowar buhun kasuwannin ƙauye akwai kusan shekara ashirin. Gwamnatocin Amurka da dama sun zo sun wuce a tsakani, kuma wasu ma'aikata da ba a san sunansu ba ne suka yi ta sabunta tallafin.

A 2025 aka dakatar da taimakon ƙasashen waje, aka rushe USAID, ranar 1 ga Yuli abin da ya rage nata ya koma ma'aikatar harkokin waje. Mafi yawan cibiyoyin bincike na shirin yaƙi da yunwa na Feed the Future da ke jami'o'in Amurka sun rasa kuɗinsu. A ma'aikatar noma kanta sama da mutum 15,000 suka karɓi tayin ajiye aiki, kuma a watan Yuli Sakatariya Brooke Rollins ta sanar da shirin kwashe ma'aikata da yawa daga Washington zuwa birane biyar, birnin Kansas na ciki.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Zuciyar rigimar ita ce wani sabon rukunin ma'aikata. A Oktoban 2020 Trump ya ƙirƙiro Rukunin F, wanda zai cire kariyar doka daga ma'aikatan dindindin da aikinsu ya shafi tsara manufa. Biden ya soke shi a Janairun 2021. Trump ya dawo da shi ranar da ya sake hawa mulki, da sabon suna, kuma ofishin kula da ma'aikata ya yi ƙiyasin zai shafi muƙamai kusan 50,000. A kwatanta wannan da 4,000 na al'ada.

Masu goyon baya suna da maganar da ba a yarwa. Jama'a shugaba suka zaɓa, ba darakta ba. Idan ma'aikacin da ba a iya korarsa zai iya jan ƙafa har wa'adi ya ƙare, ina amfanin zaɓe? Suna kuma cewa korar malalaci a gwamnatin Amurka tana ɗaukar lokaci mai tsawo, kuma duk wanda ya taɓa bin fayil a ofishin gwamnati, a ko'ina ne, zai gane abin da suke nufi.

Masu adawa, ciki har da ƙungiyoyin ma'aikata da suka garzaya kotu, suna cewa wannan komawa ce zamanin ganima. Ma'aikacin da ya san ana iya korarsa ba dalili ba zai kawo wa maigida labarin da ba ya so. Mai lissafin tattalin arziki zai yi laushi a rahoton da ke nuna harajin shigo da kaya ya cutar da manoma. Mai riƙe da fayil ɗin Sahel zai yi shiru idan ya ga ana shirin maganar da za ta fusata Yamai.

Ni dai ina ganin zaɓaɓɓen shugaba yana da haƙƙin ɗora nasa a sama, kuma majalisa ta daina riƙe sunaye shekara guda don wata rigima daban. Amma hawa na ƙasa, inda ake ajiye sanin ƙasa da sanin iri, bai kamata ya riƙa rawa da kowane zaɓe ba. Abin da ya faru a 2019 ya nuna cewa gurbi ana cike shi cikin shekara biyu, gogewar shekara ashirin kuwa ba a ɗauko ta da tallar neman ma'aikata.

Abin da za mu gani a nan

A fagen tsaro, abin da ya fi yiwuwa shi ne manufa mai saurin juyawa. Idan masu yanke shawara kaɗan ne kuma duk na kusa da shugaba ne, ciniki na iya kammaluwa da wuri, barazana ma na iya fitowa da wuri, kuma alƙawarin da wata gwamnati ta yi ba lallai ya wuce wa'adinta ba. Duk wanda ke son sanin inda Amurka ta dosa game da Najeriya ko Nijar, ya duba ko an naɗa jakada, ko kujerar Afirka a Pentagon da ta ma'aikatar harkokin waje suna da cikakkun masu su ko muƙaddasai ne, kuma daga ina aka ɗauko su.

A fagen noma illar ba za ta bayyana a damina mai zuwa ba. Za ta bayyana ne a guraben karatun digiri na biyu da na uku da ɗalibanmu suka saba samu ta waɗannan ayyuka, da gwaje-gwajen haɗin gwiwa da aka yanke a tsakiya, da irin da ya kamata ya fito nan da shekara bakwai ko takwas amma ba zai fito ba. Cibiyar bincike ta Samaru, INRAN, da cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, IITA da ICRISAT, masu ofisoshi a Kano suna nan, kuma masana na cikinsu. Abin da ya ragu shi ne wani ɓangare na kuɗi da abokan aiki da suka saba zuwa daga waje. A Maputo a 2003 shugabannin Afirka sun yi alƙawarin ware kashi 10 cikin 100 na kasafinsu ga noma, suka sake jaddadawa a Malabo a 2014, kuma gwamnatin tarayyar Najeriya ba ta kusanci wannan adadi ba. Gibin da aka bari yanzu, daga kasafin Abuja da na jihohi da na Yamai ne kawai za a iya tabbatar da cike shi.